Ruwan da Badaru Ya Zaɓa

Badaru ya dawo Bodinga a farkon bazara, ana cikin cire albasa. Ya daɗe ba ya gida. Shekarar da aka yaye ɗansa Anas ne wani ɗan kwangila ya kwashe su zuwa aikin ginin otal a wani tsibiri da ke tsakiyar teku, can gabashin Afirka. Da aka gama gini sauran leburori suka dawo, shi kuwa masu otal ɗin suka riƙe shi, saboda sun ga ranar da ya faɗa ruwa ya ciro wani magini da igiyar teku ta ja. Uwarsa 'yar masunta ce, a wajen kawunnansa ya koyi iyo tun bai iya ɗaure wando ba.

Aikin da suka ba shi ba wuyar faɗa. Kullum da safe, kafin baƙi su tashi, yakan bi gaɓar teku da ƙafa yana dubawa: ina ruwa ke ja ta ƙasa, ina magudanar gari ta zubo ƙazanta, ina aka fasa kwalabe, ina abubuwa masu harbi suka taru. Inda ya yarda da shi sai ya kafa koriyar tuta, inda bai yarda ba ya kafa ja. Baƙi su fito da 'ya'yansu, su dubi tuta, su shiga ruwa ba tare da sun tambayi kowa ba. Duk zamansa a can ba a taɓa rasa rai a inda ya kafa koriya ba. Ba ya yawan faɗa, amma abin yana yi masa daɗi a rai.

Rasuwar mahaifinsa ce ta maido shi, don ba wani namiji babba a gidan sai shi. Ya sayi keke napep ya kama jigila tsakanin Bodinga da Shagari. Bai yi mako da fara aiki ba, wata ranar Alhamis da rana tsaka, ya biyo ta bayan unguwarsu ya ji hayaniyar yara daga ramin burji.

Ramin ya girmi Anas. Kamfanin da ya yi titi ne ya haƙa shi ya kwashe jar ƙasa, ya gama aikinsa ya tafi ya bar shi a buɗe. Zurfinsa ya sa ko da bazara ba ya ƙafewa. Badaru ya tsayar da keke ya leƙa, ya ga yara maza sun cika bakin ruwa, wasu na tsalle daga kan gaɓa, ba ko ɗaya da ya iya iyo na ƙwarai, sai dukan ruwa da hannu kamar kaji. A cikinsu ya hango Anas, ruwa ya kai masa wuya, yana dariya.

Bai yi masa tsawa ba, don ya san yaron da aka firgita a cikin ruwa shi ke zamewa. Ya kira sunansa a hankali har ya fito, ya sa shi a keke suka tafi gida.

Washegari da sassafe ya koma shi kaɗai da doguwar gora. Abin da ya gani ya hana shi karin kumallo. Daga bakin ruwa taku kaɗan ne ƙasa ke yankewa, gorar ta shige duka ba ta taɓa komai ba. Gefen laka ce mai santsi, wadda ko babba ya zame a kanta ba zai samu abin kamawa ba. Akwai guntayen rodi a ƙasa, akwai fasassun kwalabe, kuma kwatar rabin unguwa a nan take ƙarewa.

Matarsa Ramatu ta saurare shi tana tankaɗe. Ta ce ita ta gaji da duka, ta doki yaron har hannunta ya yi ciwo, amma da zarar zafi ya taso sai ya sulale. Ta ce ba Anas kaɗai ba, duk yaran unguwa haka suke, ranar Alhamis da Juma'a da ba makarantar allo ba mai iya tsare su.

Badaru ya tafi wurin mai unguwa, Malam Yahaya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi a hana yara zuwa ramin. Dattijon ya ce an hana ba sau ɗaya ba, har shela an yi a masallaci, an kuma kai kuka inda ya kamata a zo a cike ramin, shiru har yau. Sannan ya dube shi ya ce, "Yaro da zahin ga, ba ka raba shi da ruwa. In kana son ka raba su da wanga, sai ka samo musu wani."

Maganar ta zauna masa, domin ai aikinsa ke nan. Daga ranar, duk lokacin da fasinja suka yi ƙaranci sai ya saki titi ya bi hanyoyin gona yana neman ruwa. Ya ga wani tafki wajen Dandin Mahe, amma shanu ke sha a nan, sun dame shi da kashi. Ya ga wani a bakin fadama mai kyan gani, sai ya tarar da manoma na wanke injin feshi a ciki, ƙananan kifaye sun taso sun yi fari. Wani kuma taɓo ne har gwiwa. Ya yi ta yi har Ramatu ta fara cewa man da yake ƙonawa ya fi fasinjan da yake ɗauka.

A ƙarshe, gaba da Lambara kaɗan, wani manomi ya nuna masa inda rafi ya yi kwana ya bar ruwa kwance a ƙarƙashin wata tsamiya. Badaru ya tuɓe ya shiga. Ƙasan yashi ne tas, yana gangarawa a hankali, inda ya fi zurfi iyakarsa ƙirji. Ruwan garau, yana ganin yatsun ƙafarsa. Ya taka ko'ina, ya nutse ya shafa ƙasa da hannu, ba ƙarfe ba kwalba. Ba gida kusa balle kwata. A ɗaya gefen akwai ciyawa mai tsawo, a jikinta ya ga wasu 'yan mitsi-mitsin katantanwa, bai ko tsaya a kansu ba, don a tsibiri irinsu sun fi yashi yawa kuma ba su taɓa cutar da kowa ba. Manomin ya ce tun kakanninsu ba a taɓa jin ruwan nan ya ci mutum ba.

Ranar ya koma gida yana waƙa a kan keke.

Bayan sallar la'asar Malam Yahaya ya tsayar da magidanta a ƙofar masallaci, Badaru ya yi musu bayani. Zai riƙa kai yara ranar Alhamis da Juma'a da safe, ya koya musu iyo, ya dawo da su kafin azahar, da sharaɗin duk wanda aka sake gani a ramin burji an cire shi. Wasu suka yi na'am, wasu suka yi shiru. Mode, maƙwabcinsa mai fataucin albasa, mutum ne da ba ya son kewaye-kewaye, shi ya tambaya kai tsaye.

"Badaru, ka tabbata ruwan nan lahiya lau shike?"

"Na shiga shi da kaina, na taka ko'ina," in ji Badaru. "Aikina ke nan shekara da shekaru. Ruwan ba shi da komi. Ku bar su a wuyana."

Mode ya ce to shi ke nan, ga motarsa akori-kura, ranar da ba lodi a ɗauka.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Badaru ya yi tun dawowarsa. Yara kan cika bayan mota tun rana ba ta yi zafi ba, kowa rungume da jarkar da aka toshe bakinta. Altine, 'yar Mode, wadda ba ta wuce shekara tara ba, takan biyo wanta Tukur har bakin mota tana cewa a tafi da ita, a yi dariya a ce wa ya taɓa ganin mace na iyo, ta koma tana tura baki. A can ƙarƙashin tsamiya Badaru ya fara koya musu kwanciya a kan ruwa da baya, yana tallafe da ƙeyarsu har su saki jiki, sannan bugun ƙafa, sannan yadda ake miƙa wa wanda ya nutse jarka ko sanda ba tare da an bari ya rungume ka ba. Tukur ya fi kowa saurin koyo. Anas kuwa tsoron sa fuska a ruwa yake, sai da uban ya yi ta lallashi. Ramin burji ya yi tsit. Mata suka riƙa aiko wa Ramatu da fura da ɗanwake, a ce a gaida Malam Badaru.

Ana gab da faɗuwar damina Ramatu ta ga jini a gajeren wandon Anas. Da ta matsa masa sai ya fashe da kuka, ya ce ya kwana biyu yana gani a ƙarshen fitsari, yana jin zafi, tsoro ya hana shi faɗa. Kafin Badaru ya dawo daga aiki labari ya zaga gidaje, uwa ta tambayi ɗanta, ta leƙa ta gaya wa maƙwabciya. Fiye da rabin yaran da ke zuwa rafin abin ya same su. Tukur ya fi kowa jin jiki, zazzaɓi ya kwantar da shi, yana riƙe mara yana murƙususu.

Badaru ya kwashi waɗanda keke zai iya ɗauka ya kai ƙaramin asibiti. Malama Halima, ma'aikaciyar lafiyar da ta daɗe a wurin, ta sa aka gwada fitsarinsu, ta ce tsargiya ce. Ta tambaye shi inda suke wanka, ya kwatanta mata, har da tsabtar ruwan da yashinsa, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Ta tambaya ko akwai ciyawa da ƙananan katantanwa. Ya ce akwai. Ta ce to a jikinsu ƙwayar cutar ke girma, ta fito ta bi ruwa ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, kuma ido ba ya ganinta, ko ruwan da ya fi kowanne haske yana iya zama ɗauke da ita. Ya ce shekarunsa nawa yana aikin ruwa bai taɓa gamuwa da wannan ba. Ta ce ai ba ta rayuwa a ruwan gishiri.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta auna tsawon kowane yaro a jikin bango ta ba shi ƙwayoyinsa, ta ce a ci abinci kafin a sha. Da za su fita ta ce shi ma ya kawo nasa fitsarin. Ya kawo, aka samu.

A majalisar ƙofar masallaci tsofaffi ba su ɗauki abin da zafi ba. Wani ya ce wane namiji ne a cikinsu bai yi fitsarin jini yana yaro ba, ai alamar girma ce, da kanta take wucewa. Wannan sassaucin ya fi zagi yi wa Badaru ciwo, domin Malama Halima ta gaya masa abin da ciwon ke yi wa mafitsara in an bar shi ya shekara. Mata kuwa ba su sassauta ba. Fura ta daina zuwa. Wata ta aiko a gaya wa Ramatu cewa da ma ramin da aka raba su da shi bai taɓa sa musu jini ba.

Mode ya zo da kansa bayan magariba, ya tsaya a zaure bai zauna ba. Ya ce Tukur ya kwana uku bai ci abin kirki ba, uwarsa ba ta barci.

"Ni nit tambaye ka gaban mutane," ya ce. "Da ka ce ba ka sani ba, da ban ba da ɗana ba."

Badaru ya yi ta ba shi haƙuri. Mode ya juya ya fita, kuma daga ranar gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Washegari Badaru ya je ya gaya wa Malam Yahaya ya daina kai yara rafi. Dattijon ya tambaye shi ina za su koma ke nan. Ya ce su zauna gida, damina ta kusa, zafi zai sauka. Ya faɗa ne kawai don ya tashi daga wurin. A ransa ya ƙudura ba zai sake nuna wa kowa ruwa ya ce shiga ba. Ya koma jigilarsa, in ya zo daidai mararrabar Lambara sai ya ƙara wuta. Ta bayan unguwa ma ya daina bi, ya gwammace ya zagaya ta kasuwa.

Yaran suka warke, har Tukur ya tashi ya koma makaranta. Ruwan sama ya sauka da ƙarfi a shekarar, gero ya yi kyau, ramin burji ya cika ya tumbatsa har ya shafe gaɓar da yara ke tsalle daga kai. Wanda bai san wurin ba zai ɗauka fili ne ruwa ya kwanta a kai.

Wata ranar Juma'a da hantsi, Badaru na tashar Bodinga yana jiran fasinja, sai wayarsa ta yi ƙara. Ramatu ce, ta ce ya zo ramin burji yanzu, yarinya ta faɗa.

Ya tarar da mutane sun yi cincirindo, maza na zura gora daga baki, ba mai iya shiga. 'Yan mata ƙanana na tsaye gefe da kwanonin wanki suna kuka. Su suka ce Altine ce. Sun zo wanki ne saboda layin famfo ya yi tsawo, zanen uwarta ya suɓuce ruwa ya ja shi, ta taka don ta kamo, ƙasa ta yanke da ita. A bakin ruwa ya ga Anas zaune jiƙe sharkaf, rungume da jarka, haƙoransa na kaɗawa. Badaru bai tsaya tambayarsa ba, ya ce ya nuna masa daidai wurin. Yaron ya nuna.

Ruwan ja ne kamar kunun kanwa, da ya nutse ko tafin hannunsa ba ya gani. Da lalube ya yi ta bi, yana shafa laka, rodi ya yanke shi a dantse bai ji ba. Ya taso ya ja numfashi ya koma, ya sake tasowa ya koma, har ƙirjinsa ya fara zafi kamar an zuba barkono. Can ƙasa, inda ruwan ya yi sanyi, hannunsa ya taɓa ƙafa.

Ya fito da ita ya shimfiɗe a kan ciyawa, ya share mata baki, ya shiga danna ƙirjinta yana hura mata numfashi kamar yadda aka koya masa. Wasu suka fara gunaguni, bai ji su ba. Ya yi ta yi har hannuwansa suka mutu. Sai da Malam Yahaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bari haka nan, Badaru. Mai ita ya karɓi abinsa." Sannan Badaru ya ɗaga kai ya ga Mode tsaye a kansa, an kira shi daga kasuwa, hularsa a hannu. Mode ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe 'yarsa, ya ɗauke ta da kansa, bai bari kowa ya taya shi ba.

Bayan an sauko daga Juma'a aka yi mata sallah aka kai ta.

Da yamma Badaru ya zaunar da Anas a tsakar gida. Yaron bai ɓoye komai ba. Ya ce tun makon da aka daina zuwa rafi suka koma ramin, su da yawa, suna fakon lokacin da iyaye ke gona. Ya ce yana ɗaya gefen lokacin da Altine ta zame, ya iyo da jarka kamar yadda aka koya musu, ya iso wurin amma ta riga ta nutse, ya sa fuska a ruwa bai ga komai ba, ya ji tsoron bin ta ƙasa. Badaru ya ɗaga hannu zai mare shi, hannun ya tsaya a sama, ya sauke. Ya jawo yaron ya haɗa kansa da ƙirjinsa, suka daɗe a haka.

Ramatu na zaune bakin murhu ba ta hura wuta ba. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Wancan ya sa musu ciwo, wanga ya ci ɗiyar mutane. Ni yanzu ban san wanda zan ji tsoro ba."

Shi ma bai sani ba. Kwanakin zaman makoki ya riƙa zuwa ƙofar gidan Mode yana zama a ƙarshen tabarma, mutane na yi masa sannu da ƙoƙari, kowace sannu kamar ana danna masa miki. Ba wanda ya ce laifinsa ne. Amma shi yana lissafin abin da ba ya faɗuwa: da bai daina ba, da ranar Juma'a da hantsi yara na ƙarƙashin tsamiya. Sai kuma wata zuciyar ta ce masa ko da bai daina ba Altine ba ta cikin masu zuwa, da wankinta za ta je ita kaɗai, ba ma Anas a kusa. Sai ya tuna yadda take biyo mota, da dariyar da shi ma ya taya aka yi. Abinci ya daina shiga masa.

Ya koma wurin Malama Halima, ba don ciwo ba. Ya tambaye ta ko akwai yadda za a yi ruwan rafin ya zama lafiyayye. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, babu. Za a iya sare ciyawar, a hana yara fitsari a ciki, a rage daɗewa, a goge jiki da zarar an fito, duk wannan zai rage amma ba zai kawar ba. Maganin yana kashe cutar, sai dai ba ya hana ta dawowa. In za su riƙa shiga, to a riƙa kawo su gwaji ana ba su magani a kan lokaci, kada a jira sai an ga jini. Ya tambaye ta in ɗanta ne fa. Ta ce ita nata 'ya'yan a bayan gidansu ba rami.

Bayan sadakar bakwai, wata safiya ya ji ƙarar akori-kura ta bayan unguwa. Ya leƙa ya ga Mode shi kaɗai, ya ciko mota da ƙasa da ɓaraguzan gini, yana zubawa a bakin ramin da shebur. Badaru ya koma gida ya ɗauko nasa shebur ɗin ya hau motar. Mode bai ce masa zo ba, bai ce masa tafi ba. Suka juye, suka koma suka ciko, suka juye. Ramin na haɗiye ƙasar, ruwa ya yi kumfa ya kwanta kamar ba a zuba komai ba. Wasu matasa suka zo suka taya su na ɗan lokaci, rana ta yi zafi suka watse.

Wajen azahar suka zauna a inuwar mota suna haki. Mode na kallon ruwan ya ce ko shekara za su yi suna zubawa ba za su cike shi ba. Badaru ya ce haka ne.

"Wancan na Lambara," in ji Mode. "Hwaɗa min gaskiya. Mi ka sani game da shi?"

Badaru ya ce, "Ba shi cin mutum, amma shina sa ciwo. Ciwon na da magani, kuma shina dawowa. Iyakar abin da na sani ke nan. In akwai wani abu bayan wanga, ban san shi ba."

Mode ya gyaɗa kai. Ya ce Tukur ba ya barci tun ranar, yana cewa da yana wurin da ya ciro ta. Ya ce akwai kuma ƙanwar Altine, Zainab, wadda yanzu ita za a riƙa aike wanki. Ya share zufa da hularsa ya ce ranar Alhamis ba shi da lodi.

Ba kowa ya dawo ba. Da Badaru ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗi abin da ya faɗa wa Mode, ba ƙari ba ragi, magidanta da yawa suka ce a'a, ba za su kai 'ya'yansu inda aka tabbatar musu da cuta ba, kuma bai ga laifinsu ba. Waɗanda suka yarda ba su cika rabin bayan mota ba. Batun Zainab ya jawo surutu, har wani ya je ya sami Malam Yahaya a kai, dattijon ya ce uban yarinya ne ya ba da ita, kuma shi ya ga abin da aka ciro daga ramin da idonsa. Ramatu ta ce in za a kai yarinya to ita ma za ta je ta zauna a gaɓa, ta kuwa riƙa zuwa da lulluɓinta da tsummokin goge jiki. Daga baya wasu 'yan mata biyu ƙanana suka ƙaru.

Sun jira rafin ya sauka bayan damina, Badaru da Mode suka sare ciyawar suka ƙone, ba a daɗe ba ta sake tsirowa. Ramin burji na nan, sun dai kewaye gefen da mata ke wanki da ƙaya. Yaran da iyayensu suka hana zuwa rafi, Badaru kan ji hayaniyarsu a can wani lokaci in ya biyo ta baya, ya tsaya ya kore su, ya san kuma yana ba da baya za su dawo.

Da sanyi ya shigo aka kai masu zuwa rafi gwaji. An samu cutar a jikin wasu, har da Zainab. Badaru ne ya kai wa Mode labarin da ƙwayoyin a hannu. Mode ya karɓa ya juya su a tafinsa, ya tambaya ko kafin abinci ake sha ko bayan abinci, ya shiga gida.